Kada Mu Yi Wa Wasan Kwamfuta Kuɗin Goro

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai masu shirin zama malamai.

A makarantar da aka tura ni gwajin koyarwa, a GRA ta Bauchi, an yi taron malamai a kan yaran da wasan kwamfuta da na waya ya ɗauke wa hankali. Kusan kowa ya ce shiririta ce duka, maganinta kuwa bulala. Da ya ke ni ne ƙarami a cikinsu, na ja bakina na yi shiru. Amma abin ya tsaya mini a rai, gama na tabbata yawancinmu ba mu taɓa zama mun duba abin da yaran nan su ke yi ba. Ra'ayina shi ne, bai kamata malami ya yanke wa wasa hukunci ba sai ya san shi, domin a cikin wasannin nan akwai na banza, akwai kuma masu koya wa yaro tunani. Ga misalin da na gani da idona.

Gidan da aka ba ni masauki na wani dattijo ne, injiniya, wanda ya yi karatu a Jamus. A ɗakinsa akwai wata tsohuwar kwamfuta mai suna Amiga 500, wadda kamfanin Commodore ya fitar a 1987. Ta daɗe da mutuwa, amma jikansa, wanda ya ke ajina, ya sa masa wasanninta a kwamfutar zamani. Wata Asabar na iske su biyu sun duƙufa a gabanta. Na ce, "Baba, har da ku?" Ya yi dariya, ya ce, "Malam, jawo kujera. Gani ya kori ji."

Sunan wasan nan da Jamusanci Die Siedler, da Turanci kuwa The Settlers, watau masu kafa sabon gari. Kamfanin Blue Byte ne ya yi shi. Mutum biyu, Thomas Hertzler da Lothar Schmitt, su ne suka kafa kamfanin a 1988 a garin Mülheim, bakin kogin Ruhr, yankin da ya yi suna wajen kwal da ƙarfe. Wani saurayi, Volker Wertich, shi ya tsara wasan, aka fitar da shi a 1993 domin Amiga, sa'an nan a 1994 domin kwamfuta irin ta ofis. Na biyunsa ya fito a 1996, a 2001 kuma kamfanin Ubisoft na Faransa ya sayi Blue Byte.

Ga yadda a ke yinsa. Za a ba ka fada guda a tsakiyar daji, da 'yan mutane, da kayan aiki kaɗan. Ba ka da ikon kama kowane mutum ka tura shi. Naka dai ka ce a gina kaza a nan, a yi hanya a can, su kuwa su shiga aikinsu. Gini yana bukatar katako da dutse, saboda haka sai ka fara da mai saran itace, da mai yanka katako, da mai fasa dutse. In kana son takobi da garkuwa, sai maƙeri ya sami ƙarfe da kwal. Ƙarfen daga tama a ke narko shi, tama da kwal kuwa sai an haƙo su a dutse. Masu haƙar nan ba su ɗaga diga sai sun ci kifi, ko nama, ko burodi. Burodi sai da gari, gari sai da mai niƙa, mai niƙa sai manomi ya kawo alkama. A kan hanya kuma ana kafa tutoci, tsakanin kowace tuta biyu akwai ɗan dako mai ɗaukar kaya ya ajiye wa na gaba. In hanya ta yi tsawo babu tuta, kaya su taru, gari ya tsaya cik.

Yaron nan fa a aji ba ya son lissafi, sau da dama sai in tambaye shi ya sunkuyar da kai. Amma ran nan na ji shi yana ce wa kakansa, "Baba, maƙeri ya tsaya domin babu kwal, babu kwal domin babu burodi, babu burodi domin gona ɗaya ce kawai muka yi." Ya bi matsala daga reshe har saiwa, ba wanda ya tsaya a kansa. Da itatuwa suka ƙare kewaye da fadarsa, shi da kansa ya gane sai an sa mai dashe kusa da mai sara. Mu nawa muka rubuta wannan darasi a allo, yara suka haddace, suka fita suka manta? Ga shi kuwa a ƙasarmu kullum motocin itace da gawayi suna shigowa gari, masu dashe ba su kai masu sara yawa ba.

Na san za a ce wasa yana cin lokaci. Gaskiya ne, wannan ma yana iya cinye yini guda in ba a sa ido ba, dole iyaye su yanka masa lokaci. Amma ya bambanta da yawancin na waya ta fuska biyu. Ba ya tsayawa ya ce a biya kuɗi kafin a ci gaba, ba ya kuma cika wa yaro ido da talla. Gaggawa ba ta da amfani a cikinsa, mai haƙuri da shiri shi ke ci, kamar dai darar da kakanninmu su ke yi a gindin itace.

Yana da wani aibi kuma wanda ba zan ɓoye ba. A cikinsa ƙasa kamar ba ta da mai ita, ka kafa gidan barade iyakarka ta ƙaru, in ka gamu da maƙwabci ka tura barade su ƙwace tasa. Wannan ba abin da za mu bar yaro ya haɗiye ba ne. Unguwar da mu ke zaune, GRA, Turawan mulki ne suka keɓe wa kansu ita bayan sun ci Bauchi a 1902, alhali kuwa ƙasar da mutanenta suka same ta. A nan ne aikin malami ya ke, ya tambayi yaro, "Wannan filin da ka kama, da wa ke noma shi?" Malamin da bai san wasan ba, yaya zai yi wannan tambaya?

Za a kuma ce 'ya'yan masu hali ne kaɗai ke da kwamfuta, mu kuwa yawancinmu ƙauye za a tura mu, inda ko wuta babu. Wannan ma na gwada maganinsa. Na fita da ajina fili, muka kafa karare maimakon tutoci. Na sa wasu su zama manoma, wasu masu niƙa, wasu maƙera, wasu 'yan dako. Tsakuwa ta zama dawa, ganye ya zama tuwo, doka kuwa ita ce maƙeri ba ya ƙera fartanya sai ya ci, manomi ba ya noma sai da fartanya. Can tsakiyar wasa na janye ɗan dako guda ɗaya. Nan da nan tsakuwa ta taru, maƙera suka yi ta ihun yunwa. Wata yarinya ta ce, "Malam, ashe ɗan dako ma babban mutum ne!" Ban kashe ko kwabo ba, amma ban taɓa koyar da darasin da ya zauna musu kamar wannan ba.

To, 'yan'uwana, abin da na ke roƙo kaɗan ne. Kafin ka karɓe wasa daga hannun yaro, zauna ka ce ya nuna maka. In na banza ne, ka hana shi, ka kuma gaya masa dalili. In mai amfani ne, ka ɗauki amfanin ka kai aji. Ku tuna kuma, samarin Jamus ba wani abin mamaki suka nemo ba, aikin manomi da maƙeri da ɗan dako na ƙasarsu suka duba suka mai da shi wasa. Mu ma muna da noman gyaɗa, da jima, da rini, da fatauci, da tarihin haƙar kuza. Watakila cikin yaran da a ke shirin yi wa bulala yau akwai wanda zai tsara mana irin wannan wasa da Hausa, in ya sami malamin da ya saurare shi.

Iyakar maganata ke nan. Wanda ya ga na yi kuskure, filin nan namu ne duka, sai ya gyara mini a fitowa ta gaba.