Kyanwar Da Ke Amai Ba Mayya Ba Ce

Wai ni 'yan uwana mata, yaushe za mu daina ɗora wa aljanu laifin hannunmu? Kyanwa ta yi shekara huɗu tana tsare miki buhunan shinkafa daga ɓeraye, ranar da ta fara amai yau da gobe sai ki ce mayya ce, kurwar wani ta ci ta gagare ta. A kore ta da muciya, yara su bi ta da jifa. Haba!

To ke me kike ba ta? Mu nan Haɗejiya Allah Ya hore mana kifi, tarwaɗa da karfasa daga fadamun Guri da Kirikasamma. Kina gyarawa kina watsa mata kayan ciki ɗanye har da ƙaya, wai gata. Ɗanyen kifi da ɓeran da take kamawa duk hanyar tsutsar ciki ne. Sannan ga sauran miyar jiya mai albasa da tafarnuwa, alhali su biyun ɓata mata jini suke yi. Ita kuwa madarar da ake ta yabo, yawancin manyan kyanwowi cikinsu ba ya narkar da ita, gudawa take sa su. Kin zuba shinkafar ɓera a bayan rumbu, kin manta wa zai cinye ɓeran da ya ci.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne Panadol. Mace ta ga kyanwa ta yi laushi, tausayi ya kama ta, ta ɓalle ƙwaya ta dura mata. Wallahi ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa farasitamol irin tamu. Fuska ta kumbura, dasashi ya canja launi, numfashi ya gagara. In ta mutu kuma a ce ai dama mun faɗa.

Gaskiya ne takan amayar da gashin da ta lasa jefi-jefi, wannan ba komai. Amma amai duk mako, ga rama, ga yawan shan ruwa, ciwo ne, wani lokaci ma na ƙoda. Ki dafa mata kifi, ki cire ƙaya, ba gishiri ba magi, ki ba ta kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana. Ruwan da za ki sha shi za ki ajiye mata, kada ki bar ta da na kwata, balle a shekarar ambaliya irin 2022. Maganin tsutsa duk wata uku, na hannun likitan dabbobi. In kin ga jini a aman, ko ta kwana ta wuni ba ta ci ba, a sa ta a kwali a kai ta asibitin dabbobi a ranar.

Na san za a yi dariya, wai kyanwa a asibiti. Tunkiyar Sallah fa, in ta yi zawo har bacci kike iya yi?