Makaranta ba bariki ba ce

Masu cewa aikin soja na tilas shi ne maganin lalacewar tarbiyyar samari, ya kamata su dubi Iritiriya kafin su ɗaga murya. Dokar ƙasar ta 1995 ta yanka wa kowane matashi wata 18 na bautar ƙasa. Bayan yaƙi da Habasha na 1998 zuwa 2000, sai gomnati ta kau da wa'adin a 2002: ana sanin ranar shiga, ba a sanin ranar fita. Daga 2003 kuma, ajin ƙarshe na lise a sansanin soja na Sawa ake yin sa, alli da bindiga a haɗe. Malamai da yawa su ma ƴan tilas ne, abin da ake ba su bai isa riƙon gida ba. Sulhun 2018 bai kwance wannan ƙulli ba. Dubban samari sun gudu ta hamada zuwa Libiya, har aka kwaso wasunsu zuwa Nijar daga 2017.

Za a ce ai Koriya ta Kudu da Suwidin ma suna ɗaukar soja tilas. Haka ne. Amma a Koriya sojan ƙasa wata 18 yake yi, ya koma karatunsa ko sana'arsa. Suwidin kuwa, da ta maido da tsarin a 2017, kaɗan take zaɓa cikin tsara guda. Can doka ta sa iyaka, kuma gomnati ba ta ƙetare ta. Hidimar da ba ta da ranar ƙarewa bauta ce, ko da an lulluɓe ta da tuta.