Kuɗin onlayin na ta hawa, fad kuma na nan da tsohon ciwonsa

Jama'a, yau ƙorafi na zo da shi. A Satumba 2023 Sony ta ɗaga PlayStation Plus Essential na shekara daga dala 59.99 zuwa 79.99 a Amurka. A Oktoba 2025 kuma Game Pass Ultimate ya tashi daga dala 19.99 zuwa 29.99 a wata. Na yarda, saba da lantarki kuɗi suke ci. To amma fad fa?

Kun san ciwon: ka cire hannu, ɗan wasanka yana ta gudu shi kaɗai. A matsayina na ɗalibin injiniyanci, wannan ne ke ƙona min rai, don dalilin ba ɓoyayye ba ne. A cikin analog akwai ɗan ƙarfe da ke gogar layin kabon. Yau da gobe layin ya cinye, ƙura ta shiga, lissafi ya rikice. Maganin kuma tsoho ne: firikwensin Hall, mai aiki da maganaɗisu, babu gogayya. Sega ta saka shi a fad ɗin Dreamcast tun 1998. Amma DualSense da fad ɗin Xbox har yanzu tsohon tsarin ne.

Kamfani yana gyara idan ya ji a aljihu. A 2007 jan zoben Xbox 360 ya ci wa Microsoft sama da dala biliyan ɗaya, garanti ya koma shekara uku.

Shawarata: ku kashe sabuntawar kai-tsaye, ku biya watan da za ku buga kawai. Fad na gaba kuma, ku duba ko Hall ne kafin ku ciro kati.