Jam'iyya Ba Uwarmu Ba Ce

'Yan'uwa cikin Kristi, ku tuna Lahadin Fentikos, 5 ga Yuni 2022. 'Yan ta'adda suka afka wa cocin St. Francis a Owo, suka kashe masu sujada wajen 40. Bayan kwana biyu kacal, wakilan APC suna Dandalin Eagle a Abuja suna zaɓen fidda gwani. PDP ta riga ta yi nata a watan Mayu.

Cikin wakilan jam'iyyun nan akwai dattawan ikkilisiyoyinmu. Wane ne ya tsare ɗan takara ya tambaye shi yadda zai kare ƙauyukanmu? Na tambayi wani dattijonmu, sai ya ce umarnin gwamna ne, kuma jam'iyya uwa ce. Uwa? Wace uwa ce ake binne 'ya'yanta tana ƙidayar ƙuri'u? Shi kansa dattijon, damina biyu bai taka gonarsa ba saboda tsoron masu garkuwa da mutane.