A Fito Da Ɗinkin Da Ke Kwance A Gindin Akwati



Maganar da muka kawo a wannan fitowa, wani zai ce ba ta kai a ba ta shafi guda ba. Maganar ɗinki ce, ɗinkin ma wanda aka fara aka bari. Muna roƙo dai a bi mu har ƙarshe kafin a yanke hukunci.

A Karare da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da wuya a buɗe akwatin mace a ɗaga zannuwan fita da na zumunta ba a tarar da wani ƙulli a ƙasa ba. A ciki akwai hular da aka zana aka ɗinke rabin jikinta, allurar na nan a soke har ta yi tsatsa. Akwai rigar sanyi ta ulu da aka fara saƙa wa jariri, saura hannu ɗaya, jaririn kuwa yau yana aji uku. Akwai zanen gado da rigunan matashi da aka soma yi wa ado domin auren ɗiya, aka yi aure, aka yi suna, suna nan. Ga kuma ƙyallayen da aka roƙo wurin tela da niyyar haɗa bargo. Kada maza su yi dariya, gama a jakar wasu dattawa ma akwai wuyan riga da ya shekara goma yana jiran zare.

Dalilan bari suna da yawa, kuma yawancinsu ba laifi ba ne. Zare ya ƙare ba a sami irinsa ba, damina ta faɗi aka koma gona, haihuwa ta zo, ido ya yi rauni. Akwai lalaci, ba mu musa ba. Amma a ƙasarmu akwai wani dalili da ya fi waɗannan nauyi, wanda kowa ya sani. Tun wajen 2019 ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu ba su yi barci mai daɗi ba. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin dare ɗaya. A watan Afrilu na 2020 aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-ma. Matar da ta fita da gudu da tsakar dare goyo take ɗauka, in ta sami sarari ta haɗa da tukunya. Ba ta tuna allura. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, aka taƙaita harkar kasuwanni, sai mai kawo zare da mai zuwa karɓar hula suka ɗauke ƙafa. Aikin da aka ajiye da cewa sai an sami natsuwa, shi ke nan ya kwanta. An yi zaman sasanci a 2025 a wasu ƙananan hukumomin yankin, wasu iyalai sun koma gida, wasu suna zaune a garin Batsari ko Dutsin-ma ko Katsina. Ko ina suke, ƙullin nan yana biye da da yawansu.

Ra'ayinmu shi ne a kwance shi. A fito da waɗannan ɗinkuna a gama su, kafin a sayi sabon yadi a fara wani. In mai aikin ba ta iyawa, ko ba ta da rai, wata ta karɓa ta ƙarasa mata. Kuma dattawa su ba wannan abu wuri da lokaci, su daina kallonsa kamar wasan mata.

Dalili na kusa shi ne kuɗi. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, wasu da dama suka bi bayanta, ko da yake audugar Funtuwa da Malumfashi ce ta ciyar da su shekara da shekaru. Yau yawancin atamfa da yadi da zaren da ke Kantin Kwari daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin dala. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, kowace uwar gida ta san abin da turmi guda yake yi wa aljihu. To, yadin da ke gindin akwati an riga an biya kuɗinsa tun da arha. Rabin aikin ma an yi. Barinsa ga gara da kyankyasai asara ce sau biyu.

Amma in don kuɗi ne kawai, da ba mu yi wannan rubutu ba. Abin da ya fi damun mu shi ne sanin da yake ɓacewa. Kakanninmu sun yi kaɗi, sun kai zare wurin masaƙi, sun san darajar ɗan ƙyalle domin sun san wahalar da ta haife shi. Gwanjo ya zo ya sauƙaƙa sutura, mun gode, amma ya koya wa yaranmu cewa abin da ya yage na bola ne. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar a yau tana iya sarrafa waya fiye da fasto, amma ba ta iya kalmasa bakin zane da hannu. Ɗinkin da ba a gama ba kuwa malami ne da babu irinsa. Wanda aka gama ya rufe asirinsa. Wanda aka bari rabi yana nuna komai: ga zanen biro a kan farin yadi, ga inda aka fara, ga yadda aka ɓoye bakin zare ta baya, ga tazarar da ke tsakanin suka da suka. Yarinyar da aka damƙa wa hular da kakarta ta bari, aka zaunar da ita kusa da wadda ta iya, za ta koyi hannun gidansu ne, ba na makaranta ba.

Mazan da suke cewa wannan ba ruwansu su tuna cewa ɗinkin hula da aikin babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas, asalinsu aikin maza ne. A birnin Zariya sai daga wajen shekarun 1970 mata suka shiga aikin riga da yawa, har suka yi suna a kai. Sana'ar ba ta taɓa zama ta jinsi ɗaya ba. Dattijon da ya iya ya ɓoye don kunya, shi da jikokinsa ya cuta.

Sa'an nan akwai maganar da ta fi wuyar faɗi, watau ɗinkin waɗanda suka riga mu. A gidaje da yawa ana ajiye da aikin uwa ko ɗiya da ta rasu, ba a iya jefarwa, ba a iya dubawa. Wasu sukan ce a bar shi yadda ta bari. Muna girmama wannan, kuma babu wanda ya isa ya tilasta wa mai makoki. Amma mu tambayi kanmu, ita da ta fara rigar nan, don akwati ta fara? Akwai wanda take nufi da ita. Ƙarasa aikin da miƙa shi ga wannan mutum cika mata nufinta ne. A Ayyukan Manzanni sura 9, da Dokas ta mutu a Yafa, abin da gwauraye suka nuna wa Bitrus riguna ne da tufafin da ta ɗinka. Abin da hannu ya yi, shi mutane suke riƙewa.

Ba mu kaɗai ne muke da wannan ƙulli ba. A Amurka, a 2022, wasu mata biyu masu saƙa, Jennifer Simonic da Masey Kaplan, suka kafa wata ƙungiya mai suna Loose Ends, kamar a ce bakin zaren da aka bari yana reto. Aikinta ɗaya ne: iyalin da wani nasu ya mutu ko ya nakasa ya bar saƙa ko ɗinki rabi, sai a haɗa su da wani mai irin wannan hannu a kusa da su, ya ƙarasa kyauta ya mayar musu. Dubban mutane a ƙasashe da yawa suka ba da sunansu. Wani abin da ya burge mu a tsarinsu shi ne sukan sa 'yar alama a daidai inda hannun mai aikin ya tsaya, domin iyali su san daga nan zuwa nan nata ne. Su sai da intanet suka sami juna. Mu kuwa kowace Lahadi muna zaune a benci ɗaya da wadda za ta iya yi mana.

Mun san abin da wasu dattawa za su ce: mutane suna fama da abinci da tsaro, ku kuna maganar abin sha'awa. Amsa ita ce, maza suna zama gindin itace su buga dara har rana ta yi sanyi, ba mu taɓa jin an tambaye su ribar da suka samu ba. Mutum ba jaki ba ne, yana bukatar abin da zai ɗebe masa kewa. Matar da ta kwana tana sauraron ƙarar babura, in ta sami awa biyu hannunta yana aiki, bakinta yana hira da 'yan'uwanta, hankalinta yakan dawo jikinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da ba a sayar da ko hula ɗaya ba.

Don haka muna gargaɗi da babbar murya, kada a mai da shi shiri. Mun san halinmu. Da an ce ga abu mai kyau, sai a naɗa kwamiti, a sa haraji, a fitar da anko, a rubuta wa mai neman ƙuri'a takardar roƙon kekunan ɗinki. An sha raba kekuna a ƙasar nan, an kuma sha ganinsu a kasuwa kafin mako ya zagayo. Abin da muke magana a kai ba ya bukatar keke. Allura, zare, almakashi, tabarma da inuwa, sun isa. Wadda ta gama nata ta ga dama ta sayar, hakkinta ne. Amma ranar da aka fara lissafin kason ikkilisiya a kan kowace hula, ranar zaman zai watse.

Akwai 'yan ƙa'idodi da za su hana ɓacin rai. Kada a taɓa aikin kowa sai da yardarta. In ta rasu, kayan gado ne, a tambayi magada, a kuma yi magana a gaban shaida a kan wanda zai karɓa in an gama, gama mun ga zumunci ya lalace a kan abin da bai kai zanen gado ba. Wadda ta karɓi aikin wata kada ta warware abin da ta tarar don nata hannun ya fi kyau. In layin ya karkace, a bar shi a karkace, a ɗora daga nan. Wajen zare, a yanki ɗan guntu a tafi da shi kasuwa a gwada da rana tsaka, domin hasken fitila yana ruɗi. Tsohon zare ya riga ya koɗe, da wuya a sami daidai da shi. In ba a samu ba, gara a zaɓi launi dabam sarai da a sa mai kama wanda zai zama kamar kuskure. Tabon tsatsar allura a farin yadi yakan fita da ruwan lemun tsami da gishiri in an shanya a rana. Kafin a ɓata makonni a kan tsohon yadi kuma, a ja shi da hannu biyu. In ya yi ƙara ya buɗe, ya ruɓe, a haƙura a yi gammo ko tsumma da shi. Ba kowane aiki ne zai gamu ba.

Wanda muke so a fi ba ƙarfi shi ne bargon ƙyalle, domin shi ne ya fi sauƙi, shi ne kuma aka fi bukata. A wanke ƙyallayen tukuna, saboda sabo yakan tsuke ya kuma zubar da launi a kan tsoho. A haɗa su su zama fuska, a shimfiɗa tsohon zane ɗaya ko biyu a tsakiya, a sa wani a ƙasa, sa'an nan a bi da ɗinkin hannu layi layi, tazarar kamar yatsa uku, ana farawa daga tsakiya zuwa baki don kada ya tattare. Mata huɗu za su iya zama a kan guda ɗaya, kowa da gefenta. Kada a raina shi. Matan wani ƙauyen baƙaƙen fata mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, jikokin bayi masu noman auduga, da tsofaffin wandunan gona suke haɗa nasu don maganin sanyi. A 2002 aka baje su a manyan gidajen nuna kayan fasaha na ƙasar, a 2006 aka buga hotunan guda 10 a kan kan sarki. Mu ba wannan muke nema ba. Muna tunanin hunturun Disamba da Janairu ne, da iyalan da suka bar barguna a ƙauye suna kwana a ɗakin aro.

Lokacin da ya dace shi ne bayan an gama kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yini ɗaya a mako, da rana, a tashi da wuri domin masu tafiya nesa su isa gida da haske. Shugabannin zumuntar mata su sanar, 'yan mata da samari su zo, a gayyaci maƙwabtanmu Musulmi, domin a cikinsu akwai gwanayen hula da za mu ƙaru da su, su ma kuma suna da nasu ƙullin. Abin da muke roƙo wurin dattawa kaɗan ne: a buɗe barandar majami'a, a ba da benci, a samo akwati mai kwaɗo na ajiyar aikin da ba a gama ba. In akwai ɗan abin da ya rage a asusun taimako, a saya wa tsofaffin mata tabarau na karatu, gama da yawansu ba hannu ne ya gaza ba, ramin allura ne ba sa gani.