Babban Kifi da Giwan Ruwa: Fassarar Adon Maganar Ɗaukaka

Akwai wani irin jadawali da masu koyon harsuna ke yawan miƙa wa juna. Gida uku gare shi: na farko adon magana na Ingilishi, na biyu ma'anarsa a taƙaice, na uku takwaransa a wani harshe, a ce Rashanci. A babin da ya shafi girma da ɗaukaka za ka tarar da big fish, da big shot, da big cheese, da bigwig an jera su reras, an ba su ma'ana ɗaya tilo, wato mutum mai muhimmanci, sannan a gabansu an rubuta bolshaya shishka ko vazhnaya ptitsa. Ɗalibin Hausa mai himma yakan ja layi ya ƙara gida na huɗu, ya cika shi da babban mutum, ko jigo, ko ƙusa. Ra'ayina shi ne wannan gida na huɗu ba ya cikuwa ta wannan hanya, kuma duk wanda ya cika shi haka ya zubar da rabin maganar.

Dalili kuwa, adon maganar da ke bayyana girman wani abu biyu yake ɗauke da su. Yana faɗin matsayin wanda ake magana a kansa, yana kuma tona inda mai maganar ya tsaya: ko rusunawa yake yi, ko hararar gefe. Jadawalin yakan kama na farko, ya saki na biyu.

Mu fara da na Turawan Ingila. Bigwig asalinsa gashin nan ne na aro da manyan mutane ke ɗorawa a ka a ƙarni na 18, irin wanda alƙalai da lauyoyi ke sawa har yau a kotunan Nijeriya. Big cheese kuwa, a zahiri cuku ne babba, ko da yake masana da dama na ganin kalmar ta samo tushe ne daga chiz ta Farisanci da Urdu, mai nufin abu. Ko ma daga ina ta fito, babu Baturen da zai tashi a taron girmamawa ya kira babban baƙo da wannan suna. Magana ce ta bayan ido, wadda ƙaramin ma'aikaci ke yi idan shugaba ya wuce. Rashanci ya dace da Ingilishi a nan, domin shi ma da murmushin shaƙiyanci yake faɗin nasa. Shishka ɗan itacen wata bishiya ce ta ƙasashen sanyi, kuma ita ce kalmar ƙulun da ke fitowa a goshi idan mutum ya yi karo da bango. Wasu na danganta ta da ƙartin da ke jan jiragen kaya da igiya a gaɓar kogin Bolga a zamanin da, waɗanda na kan gabansu ake kira da wannan suna. Vazhnaya ptitsa kuma tsuntsu ne mai ji da kansa. Saboda haka idan aka ajiye big cheese kusa da bolshaya shishka, an yi daidai: ƙulu ya haɗu da cuku, raini ya haɗu da raini.

To sai a dubi abin da Hausa ta tanada. Jigo shi ne itacen da ake kafawa a bakin rijiya ko fadama don ɗaga ruwa a shayar da lambu. Ƙusa ita ke riƙe katako da katako. Ginshiƙi shi ke ɗauke da rufin soro, bango kuma shi ake jingina da shi. Duk waɗannan kayan aiki ne, kuma kowannensu idan aka zare shi wani abu zai rushe. Bahaushe idan ya ce wane jigo ne a jam'iyya, ko ƙusa ne a gwamnati, ya yarda cewa mutumin yana ɗauke da nauyi. A gaban idonsa ma sai a faɗa, ya ji daɗi. Wanda ya fassara big shot da jigo ya mayar da habaici kirari. Wanda kuma ya juya jigo zuwa big shot a takardar gayyata ya zagi mutumin da aka aike shi ya karrama.

Ba wai Hausa ta rasa hanyar yi wa manya shaguɓe ba ne. Tana da ita, har da rara. Sai dai ba a wannan rumbun take ajiye ta ba. Idan Bahaushe ya ce su wane da wane sun iso, ko ya ce ai wannan kujerar ta shafaffu da mai ce, ko ya ja murya ya ce manya, ya yi shiru, to a nan ne shishka ta sami 'yar'uwarta. Sau da yawa ma rainin ba a kalma yake ba, a ginin jimla yake, a cikin wannan ƙaramar "su" da ake sa wa a gaban suna. Gidan jadawali ba ya ɗaukar irin wannan.

Batun kifi ya fi kowanne jan hankalina, kuma wurin da ya fi dacewa a auna shi shi ne bakin kogi. A arewacin Jamhuriyar Benin, a gundumar Malanbil ta jihar Alibori, akwai wani yanki da ake kira Tumbutu. Kada a rikita shi da Tambutun ƙasar Mali. Ƙasar Dandi ce, Dandanci ne harshen gida, Faransanci ne na ofis da makaranta, Hausa kuma tana da ƙarfi a bakin 'yan kasuwa, musamman a babbar kasuwar Malanbil, wadda ke fuskantar Gaya ta Nijar a tsallaken kogin Kwara. Mutanen wannan wuri sun san kifi sanin da marubucin jadawali bai yi masa ba. Je ka ce da Bahaushen da ke sana'ar banda a can wane babban kifi ne, ka ga yadda zai dube ka. A wurinsa babban kifi abu ne da ake kamawa, a feɗe, a banda, a yi cinikinsa. Babu ɗaukaka a ciki ko kaɗan.

Abin lura ma shi ne sunan da Hausa ta raɗa wa kifin da ya fi kowane ƙasaita a wannan kogi: giwan ruwa, wanda masunta ke alfahari da shi a gasar kamun kifi ta Argungu. Da kifi ya girma har ya kai a yi maganarsa, sai harshen ya tafi daji ya aro masa sunan giwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa ɗalibi inda girma yake zaune a tunanin Bahaushe. Giwa ce ke shiga kirarin sarakuna, da zaki, da bijimi, da toron giwa. Faransanci kuwa, a wannan yanki, kapiten yake kiran kifin, wato muƙamin soja ya ara masa. Harsuna biyu a kasuwa ɗaya, kowanne ya ga kifin bai isa ya ɗauki girma da sunansa na kifi ba.

Dole in yi adalci a nan. Akwai wurin da babban kifi ke shiga Hausa ba tare da ya yi tuntuɓe ba, wato labarin kame. Idan jami'an tsaro suka cafke madugun masu fasa-ƙwauri, ɗan jarida ya rubuta cewa babban kifi ya faɗa koma, mai karatu zai gane, domin hoton kamun ya riga ya zauna a harshen, kuma mun saba cewa kifi na ganinka mai jar koma. Amma a lura, koma ce ta ceci jimlar. Cire ta, ka bar kifin shi kaɗai, ka ga ko zai yi numfashi. Kuma ko a nan ɗin, riƙaƙƙe ko gawurtacce sun fi saurin isar da saƙo.

Shi kuwa big fish in a small pond, wato wanda ya yi girma don kawai wurin ƙarami ne, Rashawa sun bar ruwa gaba ɗaya sun koma tudu, suka ce pervy paren na derevne, saurayi na ɗaya a ƙauye. Wannan darasi ne ga mai fassara: sun yar da hoton, sun riƙe cizon. Ɗalibanmu kuwa da sun ji kifi da ƙaramin ruwa sai hannunsu ya kai ga kifin rijiya. Kuskure ne mai kyan gani. Kifin rijiya shi ne wanda bai san duniya ba, ganinsa bai wuce bakin rijiyarsa ba. Ana iya zama kifin rijiya ba tare da an fi kowa a rijiyar ba. Mai ido ɗaya a garin makafi ya fi kusa da manufa.

Haka abin yake a wajen kiɗa. Turawa da Rashawa duka suna da goge na ɗaya da goge na biyu, domin tsarin ƙungiyar makaɗansu ɗaya ne, shi ya sa play second fiddle ya wuce cikin Rashanci salin-alin. A Hausa an fi garzayawa ga ɗan amshin Shata. Amma mai goge na biyu mataimaki ne kurum, yana iya zama mai ra'ayin kansa da aka danne. Ɗan amshin Shata kuwa, a yadda ake amfani da shi a siyasa, shi ne wanda ba ya da ta cewa sai abin da aka ce. Majalisar da aka kira 'yar amshin Shata an tuhume ta ne da sayar da 'yancinta. Wannan tuhuma ba ta cikin maganar Ingilishin.

Ko a cikin Hausar kanta, kalmomin fifiko ba sa zama a mazaunin juna. Wanda ya yi fice, ko ya yi zarra, ko ya kere tsara, ko ya ciri tuta, yabo ya samu, kuma nan ne head and shoulders above da na golovu vyshe na Rashanci suke sauka. Wanda ya fita zakka kuwa ya bambanta da 'yan'uwansa ne ta hanyar da ba a so, kusa da abin da Rashawa ke kira farin hankaka. Sai ƙaurin suna, wanda ake ta wulaƙantawa a rubuce-rubucen yau. Ƙauri warin abin da ya ƙone ne. Amma sai ka karanta cewa wata baiwar Allah ta yi ƙaurin suna wajen taimakon marayu. Shuhura marubucin yake nufi, sai ya shafa wa matar toka.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan ɗalibin Hausa da Rashanci? Alaƙar ta girmi yawancinmu. A 1963 aka buga ƙamusun Hausa zuwa Rashanci a Mosko ƙarƙashin jagorancin Dimitiri Olderogge, a 1967 kuma na Rashanci zuwa Hausa na Laptukhin ya biyo baya, sannan Rediyon Mosko ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa. Yau kuma zancen ya dawo ta wata ƙofa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 hulɗar Nijar da Rasha ta ƙaru, kuma a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ma'anar wannan ita ce jawabai da sanarwa da labarai masu yawa za su riƙa sauka cikin Hausa, kuma mafi yawansu ba kai tsaye za su zo ba. Abin da aka faɗa da Rashanci zai bi ta Ingilishi ko Faransanci tukuna. A kowane zango ana sauke wani kaya. Shishka ta zama big shot, ko gros bonnet a bakin mai Faransanci, wato mai babbar hula, daga nan ta zama jigo, ko ma mai rawani. Maganar da ta baro gida tana dariyar ƙeta sai ta iso Gaya tana faɗuwa gaisuwa. Rawani kuwa a ƙasar Hausa ba ado ba ne kawai, sarauta ce da ake naɗawa, mai masu zaɓe da ranar naɗi.

Su Rashawan da kansu ba da jadawali suka yi wannan aiki ba. Ƙamusun adon maganar Ingilishi zuwa Rashanci na Aleksanda Kunin, wanda ya fara fitowa a 1955, ya yi suna ne saboda yakan kawo maganar a cikin jimlolin da marubuta suka yi amfani da ita, domin mai nema ya ga wa ya faɗa, ga wa, a wane hali. Mu ma muna da abin dogaro. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 cike suke da jimloli da kirari da karin magana a ƙarƙashin kalma guda, ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Abin da ya rage shi ne ɗalibi ya sauya tambayar da yake yi wa kansa. Kafin ya nemi takwarar kalma, ya fara tambaya: za a iya faɗin wannan a gaban mutumin? Idan za a iya, ya nufi jigo da ginshiƙi da masu faɗa a ji. Idan sai ya ba da baya ake faɗa, ya nufi su wane da shafaffu da mai. Idan girman na ɗan lokaci ne, kamar in the limelight, wanda asalinsa fitilar dandalin wasan kwaikwayo ce ta ƙarni na 19, to ga ludayinsa na kan dawo, ga tauraronsa na haskawa. Idan kuma girman na dukiya ne zalla, masu hannu da shuni suna nan suna jira, kuma jadawalin Ingilishi da Rashanci bai ware musu gida ba.