Ragowar Abincin Taro A Lokacin Bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Yola, Maiduguri da Sakkwato, a lokacin ne kuma hidimominmu ke yawaita: bikin Ista, ɗaurin aure, taron zumuntar mata. Sanin kowa ne ba a watsewa daga irin waɗannan tarurruka sai an ci an sha. Abin da muke so mu jawo hankalin 'yan'uwa a kai shi ne yawan awoyin da abincin nan ke yi a ajiye kafin ya kai baki.

Bari mu ƙirga tare. Iyayenmu mata sun sauke dafa-duka da ƙarfe 6 na safe, aka juye a kula. Sujada ta yi tsawo (ba masu wa'azi kaɗai ba, ƙungiyoyin waƙa ma suna da nasu kason), ba a fara rabo ba sai ƙarfe 2 na rana. Da yamma aka ƙulle ragowar a leda, aka kai gida, aka ɗumama washegari. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye, sai fa in yana kan wuta da zafinsa sama da digiri 60, ko yana cikin firji ƙasa da digiri 5. Kula ba murhu ba ce. Da zarar tururin ya lafa, ɗumin da ya rage shi ne wanda ƙwayoyin cuta suka fi so, har wasunsu kan ninka kansu kowane minti 20. Ƙwaya ɗaya na iya zama fiye da miliyan 2 cikin awa 7.

Wani zai ce ai da ɗumame muka girma. Gaskiya ne, amma shinkafa tana da nata sharrin. Akwai wata ƙwayar cuta da tafasa ba ta kashe irinta. Idan shinkafar ta huce ta daɗe, sai ta farfaɗo ta zuba dafi a ciki, dafin kuwa ko an sake ɗumamawa yana nan. Haka ma dafin ƙwayar da ke fitowa daga hanci ko gyambon hannun mai rabo. Ba lallai abincin ya yi tsami ko yauƙi ba, don haka shinshinawa ba gwaji ba ne. Cikin 'yan awoyi sai amai ya tashi, a fara zargin maƙiya.

Abin da ya fi damunmu shi ne waɗanda ake kai wa ragowar: gwauraye, tsofaffi, marasa lafiya da ƙananan yara, wato waɗanda gudawar kwana ɗaya ke iya kayarwa. A ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2015, mutum 420,000 ke mutuwa kowace shekara a duniya saboda gurɓataccen abinci, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin abinci su fara cire rabon waɗannan bayin Allah da zafinsa, a aika musu kafin taro ya ci. A dafa kashi biyu maimakon tuli ɗaya tun asuba. Salak da alala su ne na ƙarshe a haɗawa, na farko a rabawa. Kwanon nan guda da mutum 30 ke tsoma hannu a ciki, a maye gurbinsa da buta da sabulu. Mai firji ya raba ragowar a ƙananan kwanoni don ta yi saurin sanyi, kuma idan an ɗauke wuta dare guda, kada ya yaudari kansa. Shinkafar da ta wuni a zafin Afrilu, a zubar da ita, ko da an ce mun yi almubazzaranci.

Idan kuwa yaro ya fara gudawa bayan taro, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na fakiti nan take, a ci gaba da shayar da shi. In an ga jini a bayan gida, ko idanunsa sun zurma, ko ya kasa sha, a garzaya asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.